Faifan 1962 da ya tsallake katanga, da waƙar da na ware wa kowane yanayi na shekara

Yau maganar kiɗa na zo da ita, amma masu jiran siyasa kada ku yi saurin wucewa, domin tana ciki tsundum.

Tun ranar 2 ga Fabrairun 2025 da aka miƙa wa Beyoncé kyautar Grammy ta kundin kantiri mafi kyau, Amurkawa suke ta cacar baki a kan tambaya guda: shin kiɗan kantiri na wane ne? Ita ce baƙar fata ta farko da ta ci wannan rukuni. 'Yan watanni kafin nan, babbar ƙungiyar masu kiɗan kantiri da ke Nashville ta fitar da sunayen 'yan takarar kyaututtukanta na 2024, ko sau ɗaya ba a ambaci sunanta ba. Bayan ta ci kuma sai masu Grammy suka raba rukunin gida biyu, na gargajiya da na zamani, kowa ya fassara abin yadda ya ga dama. A shekarar 2024 ɗin dai wani matashi mai suna Shaboozey, wanda aka haifa a Virginia amma iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya yi mako 19 a saman jerin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard da waƙar kantiri. Sunan nasa ma daga Chibueze aka lanƙwasa shi.

Ga waɗanda ba su gane kiɗan da nake nufi ba, shi ne wanda yayyenmu suke ce wa waƙar kaboyi. Don Williams, Jim Reeves, Kenny Rogers, Dolly Parton, waɗanda kaset ɗinsu ya daɗe yana juyawa a motoci da shagunan teloli da gidajen rediyon ƙasar nan. Mun tashi muna ɗaukarsa kiɗan Bature tsantsa, mai malafa da doki. Ni dai ra'ayina shi ne, wanda yake son fahimtar rigimar yau, ya koma baya, ya saurari wani faifai da wani makaho baƙar fata ya fitar a watan Afrilun 1962. Sunan mutumin Ray Charles, sunan faifan Modern Sounds in Country and Western Music.

Amma kafin mu kai gare shi, sai mun san wa ya gina katangar da ya tsallake.

A Kudancin Amurka na farkon ƙarni na 20, talaka baƙi da talaka fari duk a gonar auduga ko ta taba suke, yawancinsu suna noma ƙasar wani a raba amfani. Doka ta hana su zama a aji ɗaya ko cin abinci a teburi ɗaya, amma doka ba ta iya toshe kunne. Mai goge na wannan gefen yana jin abin da na wancan gefen yake kaɗawa, ya ɗauka, ya ƙara nasa. Akwai tarin waƙoƙin da kowane ɓangare yake yi a matsayin nasa. Sai kamfanonin faifan garmaho suka shigo. A 1920 kamfanin OKeh ya fitar da faifan wata baƙar fata, Mamie Smith, ya yi kasuwar da ba a zata ba, daga nan aka gane cewa baƙaƙen fata ma suna da kuɗin sayen faifai. Aka buɗe musu nasu rukunin a littafin talla, aka sa masa sunan faifan launin fata. A 1923 wani ma'aikacin kamfanin, Ralph Peer, ya naɗi wani Bature mai goge, Fiddlin' John Carson, a birnin Atlanta, shi ma ya karɓu. Aka buɗe wa Turawan karkara nasu rukunin, aka kira shi hillbilly, kalmar raini ce, kamar ka ce bagidajen kan tudu. A 1927 Peer ɗin ya je garin Bristol, a kan iyakar Tennessee da Virginia, ya naɗi Jimmie Rodgers da iyalin Carter, kuma daga wannan zama ake fara lissafin tarihin kantiri a kasuwa. A 1949 Billboard ta wanke wa rukunan biyu suna, ɗaya ya koma rhythm and blues, ɗaya ya koma country and western. Suna ya canza, kanta biyun suna nan yadda suke.

To ku lura, ɗan kasuwa ne ya raba kantar. Abin da ke kan kantar kuwa a cakuɗe yake tun asali. Ɗauki banjo, abin kiɗan da ake gani kamar tambarin Baturen ƙauye. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a tsibiran Karebiyan da Amurka, da ƙwarya da fata da sanda, bisa abin da suka baro a gida. Thomas Jefferson da kansa, wanda ya mallaki bayi ɗaruruwa, ya rubuta a shekarun 1780 cewa daga Afirka suka zo da shi. Masu bincike sun fi danganta shi da akonting na mutanen Jola a Senegal da Gambiya. Ni ba zan ce daga gurminmu ya fito ba, amma duk wanda ya taɓa riƙe gurmi, aka nuna masa hoton tsohon banjo na ƙwarya, zai ce ai waɗannan 'yan gida ɗaya ne.

Haka mutanen ma. Hank Williams, wanda ake ɗauka uban gidan kowa a kantiri, a wajen wani baƙar fata mai kiɗan bakin titi a Alabama, Rufus Payne, ya koyi jita yana yaro. A.P. Carter in zai fita ƙauyuka farautar tsofaffin waƙoƙi, da wani baƙar fata Lesley Riddle yake tafiya, Carter ya rubuta kalmomi, Riddle ya haddace karin. A 1930 Louis Armstrong ya yi busa a faifan Jimmie Rodgers, ba a sa sunansa a jiki ba. Shirin rediyon Grand Ole Opry na Nashville, wanda aka fara a 1925, ɗaya daga taurarinsa na farko baƙar fata ne, DeFord Bailey, mai busa ɗan ƙaramin abin nan na baki da ake kira hamonika. A 1941 aka sallame shi. Ya koma sana'ar goge takalmi a cikin garin na Nashville.

Wannan shirin na Opry shi Ray Charles yake saurare daren Asabar yana yaro. An haife shi ranar 23 ga Satumban 1930 a Albany ta jihar Georgia, ya tashi a wani ɗan gari, Greenville, a arewacin Florida, cikin talaucin da ko a tsakanin talakawa ana nuna shi. Yana ɗan shekara biyar ƙanensa George ya nutse a bahon wanki a gaban idonsa. Yana shekara bakwai idon ya rufe gaba ɗaya. Aka kai shi makarantar kurame da makafi da ke St. Augustine, inda ya koyi karatun makafi da piyano da rubuta kiɗa. Ku ji wani abu: a makarantar nan ma an raba yara, makafi farare gefe guda, makafi baƙaƙe gefe guda. Yaran da ba su ganin launin junansu! Uwarsa ta rasu a 1945, ya bar makaranta ya shiga neman abinci da piyano. Cikin ƙungiyoyin da ya yi wa aiki a Florida har da wata ta Turawa masu kiɗan hillbilly, Florida Playboys. Saboda haka lokacin da ya ce zai yi faifan kantiri, ba baƙon gida ba ne yake leƙe ta taga.

Zuwa ƙarshen shekarun 1950 ya riga ya zama babba. A kamfanin Atlantic ya ɗauki salon waƙar cocin baƙaƙen fata, da kirari da amshi da kururuwarta, ya ɗora mata kalmomin soyayya, malaman coci suka yi ta tsine masa, matasa suka yi ta rawa. Daga nan abin da ake kira soul ya samo tushe. A ƙarshen 1959 ya koma ABC-Paramount bisa wata yarjejeniya da ba kasafai ake ba ko Bature ba a lokacin: kuɗi masu kauri duk shekara, 'yancin zaɓar abin da zai rera, sannan uwar naɗin waƙoƙinsa ta zama mallakarsa. Mawaƙanmu na yau da ke sa hannu a takarda ba tare da sun karanta ba, ku riƙe wannan. Da bai mallaki aikinsa ba, da faifan da muke magana a kai bai fito ba, domin manyan kamfanin sun ja masa kunne cewa zai kori masoyansa baƙaƙe, Turawan kuma ba za su karɓe shi ba. Ya ce ya ji, a kawo masa waƙoƙin.

Kuma ku tuna wane lokaci ne. A 1961 aka ƙona motar masu fafutukar da suka shiga Alabama don karya dokar raba kujeru a motocin haya. A watan Maris na shekarar Ray Charles ya fasa wasa a Augusta ta Georgia bayan ɗalibai sun sanar da shi cewa za a ware baƙaƙe a saman bene, mai shirya wasan ya kai shi kotu aka ci shi tara. Fim ɗin rayuwarsa na 2004 ya ƙara gishiri da ya nuna wai an haramta masa shiga jihar, ba a yi haka ba, tarar dai aka ci. A garin haihuwarsa, Albany, an kulle Martin Luther King a Disambar 1961, aka sake kulle shi a Yulin 1962. A ƙarshen Satumban 1962 sai da gwamnatin tarayya ta tura sojoji kafin James Meredith, baƙar fata guda ɗaya tak, ya iya shiga Jami'ar Mississippi, mutum biyu suka mutu a tarzomar. A irin wannan yanayi, a kunnen baƙar fata da yawa, kantiri shi ne kiɗan da ke tashi daga rediyon mutumin da ya hana ka shiga gidan abinci. Shi ne kiɗan da Ray Charles ya ce zai rera.

Mai kula da naɗinsa, Sid Feller, ya bi kamfanonin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙin kantiri ya tattaro masa wajen 250, ya zaɓi abin da ya zaɓa. An yi naɗin cikin zama uku a watan Fabrairun 1962, biyu a New York, ɗaya a Hollywood. Ko ƙafa ba a taka Nashville ba. Waƙa 12 ce. Rabi an yi su da babbar ƙungiyar masu bushe-bushe irin ta jaz, wadda Gerald Wilson da Gil Fuller suka tsara wa kiɗa, rabi da tarin gogen Turawa da 'yan amshi, tsarin Marty Paich. Babu banjo, babu jitar nan mai kukan da aka san Nashville da ita. Bai kwaikwayi muryar kaboyi ba, bai shaƙe hanci ba. Ya ɗauki kalmomin da karin, ya rera su da muryar da yake rera komai.

Abin da ya biyo baya ya ba kowa mamaki. Faifan ya yi mako 14 a matsayi na ɗaya a Amurka. Waƙar I Can't Stop Loving You, wadda Don Gibson ya rubuta a 1957, Feller ya tura ta can ta 11 don yana ganin ita ce mafi rauni. Ba su ma yi niyyar fitar da ita ita kaɗai ba, sai da suka ji wani ɗan fim, Tab Hunter, ya kwafi salon zai riga su kasuwa, sannan suka yi maza suka gajarta ta suka aika gidajen rediyo. Ta yi mako biyar a saman jerin ƙasa baki ɗaya, ta hau na ɗaya a Ingila ma. Kafin shekarar ta ƙare an fitar da kashi na biyu na faifan.

Ga inda abin yake da ɗaci. Waƙar ta hau jerin kowa da kowa, ta hau jerin baƙaƙen fata, amma ba ta shiga jerin kantiri ba, gidajen rediyon kantiri ba su ɗauke ta tasu ba. Da aka zo Grammy a 1963, an ba ta kyauta, amma a rukunin rhythm and blues. Waƙar da Baturen North Carolina ya rubuta, aka fara naɗa a Nashville, ta koma kiɗan baƙaƙe don kawai wanda ya buɗe baki ya rera ta baƙi ne. Ban san hujjar da ta fi wannan nuna cewa fata ake saurare ba. Marubutan Nashville da kamfanoninsu kuwa sun kwashi kuɗin haƙƙin mallaka, waƙoƙinsu suka shiga gidajen New York da Chicago da ba su taɓa shiga ba, har Willie Nelson ya sha faɗin cewa ba wanda ya yi wa kantiri hidimar da Ray Charles ya yi masa. Amma ƙofar ba ta buɗe wa na bayansa ba. Da kamfanin RCA zai fara tallata Charley Pride a 1966, sai ya aika faifansa gidajen rediyo ba tare da hoto ba, don a ji muryar kafin a ga fuskar. Shi kansa Ray Charles sai a 1985 ya hau na ɗaya a jerin kantiri, a waƙar da ya yi tare da Willie Nelson, Seven Spanish Angels. Ya rasu a Yunin 2004. Sai a 2021 aka sanar da shigar da shi zauren karrama gwanayen kantiri, baƙar fata na uku bayan Pride da DeFord Bailey.

Ba waliyyi nake zana muku ba fa. Mutumin ya yi shekaru yana fama da ƙwayar heroin ta allura, an kama shi a kai fiye da sau ɗaya, kuma a wajen farkon shekarun 1980 ya je ya yi wasa a Afirka ta Kudu lokacin da duniya ke ƙaurace wa gwamnatin wariya, abin da har yau ban ga uzurinsa ba. Faifan ma ba ya rasa aibi. Gogen nan wani lokaci sukarinsu ya yi yawa, 'yan amshin kuma suna rerawa sumul kamar masu tallar sabulu a rediyo. Sai dai ni a ganina wannan santsin ne ya sa muryarsa ta fito da kaushinta. Kamar ka shimfiɗa farin zane ka ɗora hannun manomi a kai.

To yanzu ga abin da ya sa na daɗe da wannan faifai. Duk waƙoƙin 12 kusan magana ɗaya suke yi, so da rabuwa, amma kowace da irin iskarta, kuma a hankali na ga kowace ta kama yanayinta a cikin shekara. Turawa in suka tashi irin wannan rabo, huɗu suke ƙirgawa, da lokacin ƙanƙara da na zubar ganye. Ni da tamu shekarar nake aunawa.

Hunturu ya kwashi biyu mafi nauyi. Ta farko Born to Lose, wadda Ted Daffan na Texas ya fitar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum ne da ya gama yanke wa kansa hukunci cewa shi mai ƙashin tsiya ne, duk abin da ya taɓa sai ya kuɓuce, ga shi yanzu ita ma za ta tafi. A bakin wani mawaƙin sai ka ce raki ne. A bakin wanda ya rasa ƙane, ya rasa ido, ya rasa uwa kafin ya cika shekara 15, ba ka da bakin cewa raki ne. Kuma bai yi kuka a ciki ba, a nitse ya faɗe ta, kamar mai ba da labarin abin da ya riga ya saba da shi. Ka sa ta da daddare a watan Janairu, ƙura ta rufe fitilun titi, mai shayi ya fara haɗa kayansa, kowa ya shige ɗaki da wuri. Ta biyu ita ce You Don't Know Me, kuma in aka ce in ɗauki guda ɗaya in bar sauran, ita zan ɗauka. Wata mata ce 'yar Texas, Cindy Walker, ta rubuta ta, bayan Eddy Arnold ya ba ta sunan waƙar. Labarin mai zurfin ciki ne. Yana sonta, ta miƙo hannu sun gaisa, bakinsa ya mutu, ita kuma tana ɗaukarsa aboki kawai, har ta juya ta tafi da wani yana tsaye. Wane Bahaushe ne bai san wannan ciwon ba? Mu da aka rene mu da kara da kunya, mu da za mu yi shekara muna zuwa gidan a matsayin abokin yayanta har a kawo mana katin ɗaurin aure. Ray Charles yana rera ta kamar maganar tana maƙale masa a wuya, yana jinkirta kalma har ka ce ba za ta fito ba. Waƙar sanyi ce, ta mutumin da ya dunƙule a cikin bargo da abin da bai faɗa ba.

Bazara kuwa Worried Mind na ba ta. Waƙar alkawarin da ba a cika ba ce, ya yi hidima ya kashe abin hannunsa, abin da ya rage masa damuwa. Duk wanda ya zauna a Arewa a watan Afrilu zuwa Mayu ya san wannan hali: zafi ya kai maƙura, hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, iska ta taso, an kwashe shanya, sai ya watse ko ɗigo babu. In zafin ya ƙi sauka har dare, sai in ƙara da You Win Again ta Hank Williams, wadda ya naɗa a Yulin 1952, kwana ɗaya bayan kotu ta kammala raba aurensa da matarsa Audrey. Duk gari ya san ana cin amanarsa, shi ma ya sani, ya kasa tafiya. Bai cika wata shida bayan nan ba ya mutu a kujerar bayan mota, ranar 1 ga Janairun 1953, yana da shekara 29.

Ruwan farko, ranar da ƙasa ta yi ƙamshi yara suka fito tsalle, na Hey, Good Lookin' ne, ita ma ta Hank Williams, zolaya ce zalla da piyano mai wasa. Ba ta buƙatar dogon bayani. Amma idan damina ta yi nisa aka shiga marka, ruwan Agusta da ke kwana ya wuni bai ɗauke ba, to lokacin I Can't Stop Loving You ne. Ku saurari yadda aka gina ta. A wajenmu, ko Shata ko Ɗanƙwairo, uban waƙa ne ke jefa magana 'yan amshi su karɓa. A nan an juya abin. 'Yan amshi ne ke fara ɗauko waƙar, su shimfiɗa ta, shi kuma ya biyo baya yana amsa musu, kamar jama'a ce ke faɗin hukunci shi yana gaskatawa. Maganar mutum ce da ya haƙura da warkewa, ya zaɓi ya zauna cikin tuna baya. Ba ta sauri, ba ta hawa ba ta sauka sosai, zuba kawai take yi. Shi ya sa take dacewa da ranar da ba fita, kana jin ruwa a kan kwano.

Kaka ta Bye Bye Love ce, wadda ta buɗe faifan. Mata da miji, Felice da Boudleaux Bryant, suka rubuta ta, 'yan'uwan nan Everly suka yi tashe da ita a 1957. Kalmomin na wanda aka ƙwace wa budurwa ne, amma Ray Charles ya sa masu busa da 'yan matan amshinsa, Raelettes, suka mayar da ita kiɗan rawa. An yi girbi, kuɗi ya shigo, kowane mako da biki, kuma a kowane biki akwai wani a bayan rumfa da ya so a ce shi ne angon, yana tafi tare da kowa. Tasa ce wannan.

Saura rani, bayan an gama sussuka gari ya yi wayam, samari sun tafi cirani. Na ba shi It Makes No Difference Now, waƙar mai cewa shi ko a jikinsa, alhali muryarsa tana ƙaryata shi, irin ta wanda ya hau mota a tasha ya ƙi waiwaye. Wannan waƙar tana da wani labari. Floyd Tillman ne ya rubuta ta, ya sayar wa wani mawaƙi mai suna Jimmie Davis, shi ya sa sunan Davis yake jikinta, kamar yadda yake jikin Worried Mind. Wane ne Jimmie Davis a 1962? Gwamnan jihar Louisiana mai ci. Ya hau karo na biyu a 1960 bisa alkawarin kare wariya, kuma shi ne ya yi ta kiran majalisar jiha zaman gaggawa don hana haɗa yara a makarantun New Orleans, a shekarar da jami'an tarayya suka riƙa raka Ruby Bridges, yarinya 'yar shekara shida, zuwa aji cikin ihun masu zagi. Wannan mutumin a farkon shekarun 1930 ya yi naɗi tare da baƙar fata mai jita, Oscar Woods. Ya san inda kiɗan ya fito sarai. Duk faifan Ray Charles da aka saya, sunan gwamnan yana jiki sau biyu, a kashi na biyu kuma Ray ya ɗauki You Are My Sunshine, waƙar da Davis ya yi yaƙin neman zaɓe da ita, ya juye ta ta koma kamar ana tsakiyar wa'azi a cocin baƙaƙe, har ta hau na ɗaya a jerinsu. An shigar da Davis zauren karramawar kantiri tun 1972, kusan shekara 50 kafin a tuna da Ray Charles.

Akwai sauran uku da ban ba su yanayi ba, Half as Much da Just a Little Lovin' da I Love You So Much It Hurts, ku raba su yadda kuka ga dama. Sai Careless Love, ta goma a jeri. Ita ba a san wanda ya ƙirƙire ta ba. Ta girmi kamfanonin faifai, ta girmi kanta biyun. Turawan kan duwatsun Kentucky suna yin ta da banjo, masu busa na New Orleans suna yin ta, Bessie Smith ta naɗe ta a 1925 Louis Armstrong yana yi mata busa. Ita a mota nake sa ta, in hanya ta yi nisa, ko wane wata ne.